Azarori: Dare Uku da Mushtari da Kaza

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram ya san Madawa. In mota ta wuce Ƙonni da Malbaza da Galmi, ƙamshin albasa kaɗai ya isa ya shaida masa inda ya iso, ga kuma tabarmin kaba da garin ya yi suna da su. A nan akan sha ruwa, a yi salla, a ci gaba da tafiya. Kaɗan ne ke barin kwalta su ratse arewa, inda Azarori take, ba nisa da Madawa. Ma'aikacin gwamnati kuwa, idan takardar canjin wurin aiki ta ambaci irin wannan gari, sau da yawa abin da yake fara tambaya shi ne laifin da ya yi.

Azarori gari ne na Hausawa manoma da Buzayen Kel Geres, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga Abzin suka zauna tsakanin Adar da Gobir, suka shahara da kiwon raƙuma da ayarin gishirin Bilma da Fashi. Daga nan in an ƙara yin arewa ƙasa sai ta fara tashi, jan dutse ya yawaita, har a kai Buza da Keita, inda aka sha fama da zaizayar ƙasa: ga layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don kare gonaki daga iska, ga kuma babban aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984. Waɗannan an sha ba da labarinsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wata dukiya da wannan yanki yake da ita wadda Yamai da Maraɗi suka yi asararta, wato duhun dare.

Kada mai karatu ya ɗauka ba'a ce. Mun san dalilin wannan duhu, mafi yawan ƙauyukan ƙasarmu ba su da lantarki, kuma ba wanda zai yi wa mai haihuwa ko ɗan lakwal fatan zama cikinsa. Amma abin da Allah ya ajiye a sama ba ya ganuwa sai inda fitilu suka yi ƙaranci, kuma a ƙasashen Turai mutane na biyan kuɗin jirgi su tafi neman irin sararin da mutumin Azarori yake kwana ƙarƙashinsa kyauta.

Na je can a ƙarshen Disamba 2024, wata ya ɓace, an daɗe da gama girbi, rumbuna sun cika, shanu na kiwo cikin kara. Abokin tafiyata mushe ne mai koyar da lissafi, kuma shi ke da madubin hangen nesan da muka ɗauko. Ba wani abin a zo a gani ba ne: bututu ne da bai kai tsawon hannu biyu ba, faɗin gilashin bakinsa milimita 70, yana tsaye kan ƙafafu uku kamar tukunya kan murhu. A hannu ya saye shi, kuɗinsa bai kai na wata salular da ke aljihun masu karatunmu ba. Ni kuma na riƙo na fatake, mai ido biyu, irin wanda ke kusanto da abu sau 10. Mun yi sa'a hazo ya lafa. Wannan shi ne babban sharaɗi a ƙasarmu, domin in hunturu ya taso da ƙura, ko madubin da ya fi kowane tsada ba ya tsinana kome.

Bayan magariba muka fita bayan gari, muka kafa kayanmu a wata gona. Zara na haskawa a yamma. Can kudu, wajen Madawa, akwai ɗan ja-ja a gindin sama, sauran kuwa baƙi ƙirin, taurari sun yi yawa har wanda ya saba da na birni sai ya rasa waɗanda ya sani. A gabas Kaza ta riga ta hau, a ƙarƙashinta ga jan tauraron nan da malamai ke kira Dabaran, kusa da shi kuma ga wani fari fat, ya fi kowane haske a wannan ɓangare, ba ya ƙyaftawa. Shi ne Mushtari.

Kafin mushe ya gama saiti yara sun kewaye mu, bayansu samari, can daga baya wani dattijo Buzu ya iso da sandarsa ya tsaya gefe. Shi aka fara ba wuri. Ya gyara rawaninsa, ya sunkuya, ya daɗe bai ce kome ba. Da ya ɗago sai ya ce: "Mushe, wannan ai ba tauraro ba ne, ƙwarya ce. Su kuma ƙananan nan da suka yi sahu fa, ƴaƴansa ne?" Mushe ya ce: "Baba, watanninsa ne, kamar yadda mu ma muke da wata." Dattijo ya ce: "Mu ɗaya, shi huɗu. To, ya fi mu arziki."

Abin da ake gani ke nan, ba ƙari. Ɗan faifai mai launin madara, an ɗan matse shi sama da ƙasa, an ja masa zare biyu masu duhu a ciki kamar saƙi, sa'an nan ɗigo huɗu a jere kamar an ja layi da igiya. Duk wanda ya saba da hotuna masu launi na littafi zai ce wannan ƙarami ne. Amma gani ya kori ji. Faifan nan faɗinsa kilomita kusan 143,000 ne, wato sai an jera duniyarmu sau 11 kafin a ƙetare shi. A lokacin nisansa da mu ya ɗara kilomita miliyan 600, har hasken da ya shiga idon dattijo sai da ya yi fiye da rabin awa a hanya, ga shi kuwa haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Zaren nan biyu giragizai ne, kuma matsewar da aka gani ta samo asali ne daga saurin juyawarsa, domin duk girman nan nasa kwanansa bai cika awa 10 ba.

Yaran sun fi damuwa da wani abu dabam. Da yaro ya sa ido, kafin na bayansa ya karɓa Mushtari ya sulale ya fita daga madubin, sai ka ji ana cewa "Mushe, ya gudu!" Mushe ya yi ta bayani cewa ba shi ke gudu ba, ƙasar da suke tsaye a kai ce ke juyawa da su da madubin baki ɗaya. Wannan darasi yana cikin littafinsu na faransanci, sun kuma hardace shi don jarrabawa. A fuskokinsu dai na ga alamar ba su taɓa ɗauka da gaske ake ba sai a wannan dare.

Kashegari muka koma, sai ga sahun ya sake, waɗanda ke wannan gefe jiya sun koma wancan. Da dare ya yi nisa guda ya matso jikin faifan har ya ɓace. Dalili kuwa kowane da saurinsa. Na kusa, wanda Turawa suka sa wa suna Iyo, yana gama kewaya Mushtari cikin awa 42 da rabi; Yuropa kwana uku da rabi; Ganimed mako guda; Kalisto, na can nesa, kusan kwana 17. Ganimed shi ne babbansu, faɗinsa ya haura kilomita 5,200, babu watan da ya kai shi cikin duk abin da ke kewaya rana. A yau an san wa Mushtari watanni fiye da 90, amma sauran ƙanana ne ƙwarai, waɗannan huɗu su ne rabon mai ƙaramin madubi. Ko da nawa mai ido biyu na gan su, bayan na ɗora gwiwar hannu kan wani turmi da aka kifa don hannu ya daina rawa.

Wannan sakewar sahu ita ce ta girgiza Turai shekaru 400 da suka wuce. Ranar 7 ga Janairu 1610, a birnin Paduwa na ƙasar Italiya, Galileyo ya ɗaga madubin da ya haɗa da hannunsa, wanda bai kai na mushe kyau ba, ya ga ɗigo uku kusa da Mushtari, bayan kwana shida ya ga na huɗu. Ya yi ta zana inda suke dare bayan dare har ya tabbata kewaya shi suke yi. A zamanin manyan masana na cewa kome da ke sama duniyarmu yake kewayawa, sai ga abubuwa huɗu suna kewaya wani. A 1676 kuma, a Paris, wani ɗan Danmark mai suna Ole Romer ya lura cewa shigar Iyo cikin inuwar Mushtari takan makara idan mun yi nisa da shi, ta yi sauri idan mun matso, daga nan ya gane haske ma matafiyi ne, yana buƙatar lokaci. Daga baya kumbon Voyager ya gano duwatsu masu aman wuta a kan Iyo a 1979, kuma masana na da hujjoji masu ƙarfi cewa akwai teku ƙarƙashin ƙanƙarar Yuropa. Kumbo biyu aka harba su bincika, na Turai a Afrilu 2023, na Amurka a Oktoba 2024, ana sa ran isarsu a 2031 da 2030.

Mai karatu ɗan kasuwa zai ce, to, ina ruwan mai buhun albasa da wannan? Akwai ruwansa. Kafin zuwan rediyo, watannin Mushtari agogo ne da aka rataye a sama, kowa na ganinsa lokaci guda. Matafiyi na riƙe da littafin da ya faɗi ƙarfe nawa Iyo zai ɓace bisa agogon Ingila, shi kuma ya duba ƙarfe nawa ya ɓace a inda yake. Kowane minti huɗu na bambanci daraja guda ce ta gabas ko yamma. Da haka Mungo Park ya riƙa auna inda yake a tafiyarsa ta 1805, wadda ta biyo da shi ta kogin Kwara har ya halaka a Busa. Iyakar da fatakenmu ke ƙetarawa kullum ita ma da lissafin sama aka shata ta. A yarjejeniyar 1898 Faransa da Ingila suka kafa tsinke a Sakkwato suka zana da'ira mai nisan mil 100, abin da ya jefa Ƙonni da Madawa ɓangaren Ingila a takarda. Faransawa suka ga ba su da hanya mai ruwa zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, sa'an nan tawagar Kyaftin Tilho da takwarorinta na Ingila suka bi ƙasa daga 1906 suna auna taurari suna kafa alamu. Da lissafin farko ya tsaya, da wataƙila naira ake kashewa a kasuwar Madawa. Mutanen da aka raba ƙasarsu sun san taurarin nan sarai, abin da ba su da shi madubi ne da agogo.

Sanin nasu kuwa na ji shi a dare na biyu, lokacin da muka juya ga Kaza. Ido lafiyayye na ƙirga shida ko bakwai. A nan madubi mai ido biyu ya fi na mushe amfani, domin yana ɗauke ta baki ɗaya: taurari gommai, farare masu shuɗi-shuɗi, kamar an watsa gero a baƙar tabarma. Galileyo ya zana 36, masana a yau sun ƙirga fiye da 1,000. Ba haɗuwar hanya ba ce, tare aka haife su daga gajimare guda shekaru kusan miliyan 100 da suka wuce, tare kuma suke tafiya, ashe wanda ya fara kiran su kaza da ƴaƴanta bai yi nisa da gaskiya ba. Haskensu na yin shekara kusan 440 kafin ya iso, wato wanda muka gani ya baro gida tun Gobirawa ba su kafa Alƙalawa ba.

Dattijo ya ce su a Tamajeƙ "Shat Ehad" suke ce mata, ƴan matan dare, babban tauraron nan mai ɗamara da ke biye kuma Amanar, wato ja-gora. Da su madugu yake sanin yawan daren da ya rage, da tauraron arewa kuma yake riƙe hanya a Tenere, inda babu itace babu dutse. Manomi shi ma da nasa: idan Kaza ta faɗi yamma da magariba har ta ɓace, bazara ta kai ƙarshe, idan ta sake leƙowa da asuba cikin watan Yuni, a gyara kalme a fito da iri.

Wani malamin allo da ya zo tare da shi ya fara da tambayar da na san za a yi, ko wannan aiki bai shiga duba ba. Tambaya ce mai kyau, malamanmu sun daɗe da raba abu biyu: neman gaibu ta hanyar taurari, wanda suka hana, da lissafin lokaci da alƙibla da damina, wanda suka koyar. Shi kansa ya san taurari 28 da ake raba shekara da su, kowane kwana 13, guda ɗaya 14, ya lissafo na damina da ka: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Mushe ya tambaye shi: "Malam, ka taɓa ganin Nasara da idonka?" Ya ce a takarda ya san ta. Muka jira har ta hau, jan Mirrihi na nan kusa yana nuna mana wurin. Da ido ƙwaya wani ɗan hazo ne kamar an shafa toka da yatsa. A madubi sai hazon ya tarwatse ya zama taurari wajen 40, wasu bibbiyu wasu uku-uku. Malam ya yi tasbihi, ya ce shekara 30 yana faɗa wa manoma shigar Nasara, bai san taro ba ce.

A nan ne abin ya dame ni. Malam na da sunaye da lissafi, bai taɓa dubawa ba. Dattijo ya san sama kamar tafin hannunsa, amma cikin samarin da ke wurin babu wanda ya iya nuna Amanar, domin mota ta rage wa raƙumi aiki, salula kuma na faɗin lokaci da alƙibla. Mushe ya san Galileyo da Romer, amma sunan Nasara a bakin malam ya fara jin sa, shi da lambar da Turawa suka ba ta ya san ta. Mutum uku a gona guda, kowa na riƙe da kashi ɗaya na ilimi guda, kuma tsarin karatunmu bai tanadi inda za su haɗu ba. Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, littattafansa na hisabi har yau ana nazarinsu. A ganina abin kunya ne yaro ya fita kwaleji yana iya jera sunayen duniyoyi da faransanci, amma bai iya nuna ko guda a sama ba. Sufetocin makarantu da magadan gari na iya gyara wannan ba tare da jiran taimakon waje ba: madubi guda ya ishi makarantun gunduma su riƙa karɓa bi da bi. Alhazanmu da ke cika kwantena daga Dubai da Sin, da za su sa ƙwaya goma cikin kaya, da sun ga ko akwai masu saye.

Sai kuma maganar fitila. Fitilun titi masu aiki da hasken rana suna shiga garuruwa, kuma muna maraba da su. Roƙo ɗaya ne ga masu sa hannu a takardun kwangila: a zaɓi masu hula, waɗanda ke zuba haskensu ƙasa inda mutane ke tafiya. Wanda ke tashi sama ba ya hana ɓarawo, ba ya nuna maciji, batir kawai yake ci ya shafe taurari.

Ga wanda ke son gwadawa, Mushtari na shekara kusan 12 kafin ya kewaye rana, kuma duk wata 13 yakan zo daidai inda ya fi kusa da mu, ya fito da magariba ya kwana a sama. Haka ya yi ranar 7 ga Disamba 2024, lissafi kuma ya ba da 10 ga Janairu 2026, sai Fabrairu 2027. A nemi daren da babu farin wata, a bar fitila da salula a aljihu kamar minti 20 ido ya saba, a kuma sa rigar sanyi, domin sanyin Adar ba ya wasa da baƙo.

A dare na uku mushe ya tashe ni kafin asuba, ya ce akwai saura guda. Muka fuskanci kudu. Can ƙasa-ƙasa, sama da kan wani gawo, akwai wani tauraro dishi-dishi kamar an taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Turawa na kiransa Omega Santori. A madubi ya zama dunƙule kamar curin fura, tsakiya cike, gefe na narkewa cikin duhu. Madubinmu bai iya rarrabe ƙwayoyinsa ba, amma taurari ne wajen miliyan 10 a cure wuri guda, haskensu ya yi shekara kusan 17,000 a hanya. Azarori na kan daraja 14 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa yake hawa mana har haka. A Paris, inda Romer ya yi aikinsa, ba ya leƙowa ko kaɗan. Muna cikin kallo wani mai amalanken shanu ya biyo hanya za shi fadama ban ruwan albasa, ya tsaya ya tambaya ko lafiya. Mushe ya ce masa ya zo ya gani. Ya duba, ya koma ya duba da ɗaya idon, ya tambaya ko za mu kai ranar kasuwa, yana so ya kawo ƴarsa. Sai ladan ya kira salla, muka naɗe ƙafafun madubin.